Tsofaffin Riguna Arba'in da Uku Daga Maryland

Litinin: Kaduna zuwa Abuja

Ina sallame sallar asuba, ƙarfe shida saura kwata, motar da na ɗauka shata ta tsaya a ƙofar gidanmu a Kaduna. Mama ta rako ni har bakin titi tana jero addu'a, tana kuma maimaita mini in gaida mata Anti Ladi, tsohuwar maƙwabciyarmu da ke aikin nas a Amurka, wadda a gidanta zan sauka.

Bari in faɗa muku abin da ya tashe ni daga gida, don kada ku zaci yawon buɗe ido na tafi. Sunana Rabi, kwamfuta na karanta. Wata goma sha huɗu na yi ina gina wata manhaja ta ɗinki. Mutum zai sa kaya masu kama jiki, ya tsaya gaban wayarsa, ta ɗauke shi hoto ta gaba da ta gefe, ta fitar da awonsa, ya zaɓi yadi da salo, telolinmu su ɗinka a aika masa ko'ina yake a duniya. Da wannan daɗin bakin na raba teloli shida da rumfunansu na kasuwa, na tara su a shago ɗaya. Babbansu shi ne Baba Habu, wanda ya yi wa mahaifina ɗinki tun kafin a haife ni. Mutane suna sauke manhajar, ba laifi. Amma da sun iso wajen ɗaukar hoto sai su sulale, ko sallama babu.

Ana gobe zan tafi Baba Habu ya kira ni gefe. "Rabi, mu ba mu san kwamfuta ba, amma mun san keken da ya kwana uku bai yi ƙara ba. Saura wata biyu Sallah. In kin dawo babu aiki, za mu koma rumfunanmu tun masu kawo mana ɗinki ba su manta da mu ba."

Ban ga laifinsa ba, kuma maganar ta zauna mini a ƙirji har Abuja. Shingen jami'an tsaro biyar muka wuce a kilomita kusan ɗari da casa'in, a na uku ne kawai aka buɗe but. Ƙarfe tara da rabi muna filin jirgi. Jirginmu ya ɗaga ɗaya da rabi na rana, muka sauya wani a Addis Ababa. Na biyun nan kam na zaunu har ƙafafuna suka kumbura, takalmi ya ƙi shiga.

Talata: Dulles zuwa Lanham

Ƙarfe takwas da 'yan mintuna na safe muka sauka a filin jirgin Dulles. Jami'in da ya karɓi fasfona ya tambayi abin da ya kawo ni, na nuna masa takardar gayyata: taro ne na kwana biyu na masu ƙananan kamfanonin intanet daga Afirka, masu shirya taron ne suka biya mini tikiti. A wajen binciken kaya wata mata ta ɗaga ƙullin kuka ta shinshina, ta tambaya ko akwai nama. Na ce babu. An riga an ja mini kunne tun daga gida kan kilishi.

Anti Ladi tana asibiti, don haka ta turo mini wani direba, Mamman, mutumin Maraɗi. Muna hawa babban titi ya dube ni ta madubi ya ce ko ni ma lokotoro ce, don yawancin waɗanda yake ɗauko wa Anti likitoci ne. Na ce a'a, ni mai teloli ce. Ya yi dariya ya ce to Allah ya kawo ni, shekararsa huɗu bai sa rigar da ta yi masa daidai ba. Na ɗauka zance ne na direba, ban bi ta kai ba. Mil arba'in da wani abu ne zuwa Lanham, amma cunkoso ya sa muka yi awa ɗaya da rabi. Dala sittin na ba shi, na ƙi yarda zuciyata ta juya su zuwa naira.

Da la'asar Anti Ladi ta dawo. Ta rungume ni ta ce, "Ɗiyata, kin koma uwarki sak, har da ɗaure fuskar." Ta tuƙa tuwon shinkafa da miyar kukar da na kawo, muka ci muna lissafa mutanen tsohuwar unguwarmu, wa ya rasu, wa ya aurar. 'Ya'yanta biyu suna jin duk abin da muke faɗa, amma da Turanci suke amsawa, sai gaisuwa ce kawai suke rusunawa su yi da Hausa.

Laraba da Alhamis: zauren taro a Washington

Bakwai da kwata Anti ta ajiye ni a tashar jirgin ƙasa mafi kusa da gidanta. Kati ake saye a danna a ƙofa, kuma sau biyu ƙofar tana ƙin buɗe mini kafin wata tsohuwa ta nuna mini inda ake dannawa. Minti talatin da biyar na shiga tsakiyar birni. A wani babban otel ake taron, kowa da suna rataye a wuya, kowa yana magana da sauri kamar ana koro shi. Shayi da burodi kyauta ne. Abincin rana kuwa wani ganye ne da guntun kaza dala goma sha shida, na ci don dole.

Ranar farko sauraro na yi. Wani yana tara manoma a waya, wata tana sayar da darasin lissafi, wani kuma ban gane abin da yake sayarwa ba har ya sauka, kuma shi aka fi tafa wa. Rana ta biyu aka ba kowa minti uku gaban masu zuba jari su huɗu. Na yi nawa tsaf, ban yi gargada ba. Na nuna yadda kamara ke zagaye mutum da layuka, har wani a baya ya yi fito. Sai wata dattijuwa a cikin huɗun, mai furfura da tabarau, ta tambaye ni mutum nawa ne suka kai ƙarshen ɗaukar hoton suka biya.

Na fara kewaye-kewaye, ina cewa ai dubbai sun sauke. Ta ce ba wannan ta tambaya ba. Na faɗa mata gaskiya: goma sha ɗaya, kuma huɗu 'yan gidanmu ne. Ba ta yi dariya ba, da ma ta yi ya fi mini sauƙi. Ta ce manhajata tana da kyau, amma in je in gano yadda mutanena suke samun ɗinki a yanzu ba tare da ni ba, in tsaya a wurin da suke shan wahala. Ba girin-girin ba, ta yi mai, abin da take nufi ke nan.

Na fito raina a ɓace. Haushin matar nake ji, ina jin na kaina ya fi. A jirgin komawa na wuce tashata ban sani ba, sai da na kai ƙarshen layi na dawo.

Juma'a: falon Anti Ladi

Ashe labari ya zaga cewa 'yar Kaduna ta zo kuma ranar Litinin za ta koma. Tun ƙarfe goma na safe ƙararrawar ƙofa take kuka. Wannan ta shigo da leda, waccan da ƙulli, kowacce sai ta gaishe ni da kyau, ta tambayi Mama, sannan ta ajiye. Tsofaffin riguna ne da siket, rigunan gwaji, wato waɗanda ake ba tela ya auna ya ɗinka sabo daidai da su. Wannan a kai wa telanta a Jos, waccan a Kafanchan, wata har Kano. Ba wadda ta tambaye ni kilo nawa aka yarje mini.

Ni dai ba ni da haƙuri, kowa ya sani. Da suka ragu na ce wa Anti Ladi ni fa ba motar kaya ba ce. Na zo da manhajar da za ta raba su da wannan wahala, ko kallonta ba su yi ba, sai su mai da ni 'yar aike.

Anti ta ajiye wuƙar da take yanka albasa ta ce, "Rabi, ni da shekaruna zan sa matsattsun kaya in tsaya gaban waya, hotona ya tafi shagon maza shida? Ko ke za ki yi?"

Wallahi ban taɓa yi ba. Da gunkin da ake rataya kaya a shago na riƙa gwada manhajar, sai kuma wani abokin aikina. Kunya ta rufe ni.

Don in kawar da zancen na jawo ledar da ita Antin ta ware mini, na zaro wata rigar atamfa. Ina ɗaga ta na dubi rigar na dubi mai rigar. Na ce, "Anti, yaushe rabon da ki sa wannan?" Ta ce tun bikin ƙanwarta, shekara takwas ke nan. Na matsa mata sai ta gwada. Da ƙyar ta wuce kafaɗa, zif kuwa ko rabi bai kai ba. Muka yi dariya har da hawaye.

Da muka nutsu ta faɗa mini dalili. Rigar gwaji in ta tafi ba ta dawowa. Ko ɗan saƙo ya manta ta a mota, ko tela ya ajiye ta ta ɓace. Ita kanta ta yi asarar wani leshi da take ji da shi. Saboda haka ba mai bayar da rigar da ta yi masa daidai, kowa wadda zai iya haƙura da ita yake bayarwa, wato wadda ta riga ta yi masa kaɗan. Tela ya auna ta da gaskiyarsa, ya ɗinka, a jira wata uku, kaya su iso su ƙi shiga. Sai a yi ta zagin telolin gida ana cewa ba su iya aiki ba. Na tuna sau nawa na ji ana yi wa Baba Habu irin wannan ƙorafin a waya yana ba da haƙuri, alhali shi ba shi da laifin komai.

Na roƙi Anti ta kira mini matan nan su dawo da yamma, kowacce ta sa rigar da ta kawo.

Asabar da safe: College Park

Mata tara suka dawo jiya, bakwai rigunansu ba su shiga ba. Muka rufe ɗaki, mu mata zalla, kowacce ta sa tata, na riƙa duba inda ta matse da inda ta saki ina rubutawa a takarda: ƙara inci biyu a ƙugu, sassauta hannu, tsawo ya yi. Na maƙala takardar da fil, na ba rigar lamba. Sannan kowacce ta yi wa tela bayani da bakinta a waya, na adana muryar a ƙarƙashin lambar. Na ce musu rigar nan in ta je Kaduna ta zauna ke nan a shagonmu, a rataye da sunan mai ita. Gaba in ana son ɗinki, murya kawai za a turo da hoton yadi. In jiki ya canja, takarda za a canja, ba riga ba. Wata malamar makaranta 'yar Pankshin ta ce in dai haka ne ta yarda ta biya kuɗin ajiya duk shekara, ko don ta huta da roƙon matafiya. Ita ce mutum ta farko da ta ambaci biya ban tambaye ta ba.

Amma ni jibi zan tafi, dole a sami mai duba riga a jiki a nan. Shi ya kai ni College Park, mil bakwai daga Lanham, a motar bas dala biyu. Anti ta haɗa ni da Fatsuma, 'yar Zariya mai karatun digiri na biyu, wadda mahaifiyarta tela ce. A wani shagon shayi kusa da jami'a muka zauna. Ban gama bayani ba ta karɓi tef ɗin hannuna ta gyara mini yadda ake auna hammata. Ta ce sai ta fara tambaya a makarantarsu ko takardunta na zaman ƙasar sun ba ta damar yin irin wannan aiki, in ba su ba ta ba akwai matar yayanta da za ta iya. Wannan taka-tsantsan ɗin ne ya sa na yarda da ita.

Asabar da yamma: suna a Manassas

Ƙarfe biyu muka kama hanyar Manassas da Anti Ladi, mil hamsin, muka tsallaka kogi zuwa jihar Virginia. Suna ake yi a gidan Dakta Sani, likitan ƙashi ɗan Katsina da suka taɓa aiki tare da Anti. Gidan cike, Musulmi da Kirista, ga waina ga farfesu ga zoɓo. Na lura da abin da da can ba zan lura ba: rabin mazan kaftaninsu ya ɗame su a ciki, wasu sun bar maɓallin wuya a buɗe.

Anti ba ta shawarce ni ba ta buga cokali a kofi ta ce ɗiyarta tana da magana. Na miƙe tsaye. Ban kunna komai ba, ban nuna layukan kamara ba. Na gaida manya, na yi wa jaririya addu'a, na faɗi abin da muka yi jiya a ɗakin Anti. Wani dattijo injiniya ya tambaya in gobara ko ɓarawo ya shiga shagon fa. Na ce za mu auna kowace riga mu adana awon a wuri biyu ranar da ta iso, amma rigar kanta ba zan yi masa rantsuwa a kai ba. Ya gyaɗa kai ya ce wannan amsar ta fi masa da na ce ba abin da zai faru.

Dakta Sani ya haura sama ya sauko da wata shadda ruwan toka, ya ce wannan cif take masa. Matarsa, Hajiya Mairo, ta karɓa ta kawo mini da kanta. Tana miƙo mini ta rage murya ta ce, "Ƙanwata, ki rubuta a ƙara inci huɗu a ciki. Kada ki bari ya ga takardar."

Mazan su suka duba junansu a ɗakin baƙi, Dakta yana riƙe da tef, ana ta tsiya. Da za mu tafi Mamman direba ya tare ni a bakin mota da tasa rigar a leda, ashe shi ma yana wurin.

Litinin zuwa Laraba: komawa

Lahadi muka yi ta ninki da ƙirga. Riguna arba'in da uku, kowacce da lambarta da takardarta da muryar mai ita, talatin da ɗaya a ciki da aikin Sallah ko na biki a haɗe. Anti ta ba ni jakar Gana-mas-go biyu. A Dulles kaya suka haura kilo, na biya dala ɗari biyu na ƙarin jaka, na bar tsarabar takalman da na saya wa ƙannena a but ɗin Anti. Har yanzu ba su yafe mini ba.

A hanya na buɗe kwamfuta na cire ɓangaren kamara daga manhajar. Wata goma sha huɗu na aikina. Na yi kuka kaɗan, ba zan ɓoye ba, har matar da ke kusa da ni ta miƙo mini ruwa. Abin da ya rage shafi ɗaya ne: lamba, suna, da wurin danna murya.

Talata da rana muka sauka Abuja. Jami'in kwastan ya zuge jaka ya ga tsofaffin kaya maƙil, ya ce, "Hajiya, gwanjo kika shigo da shi?" Na ce ya karanta takardun da ke jiki. Ya ɗaga ta Dakta Sani ya karanta, ya dubi nasa cikin, ya yi murmushi ya zuge mini jakata. Na kwana a gidan wata ƙawata, Laraba bakwai na safe na kama hanya, sha ɗaya saura na iso Kaduna. Ban biya gida ba, shago na ce a kai ni.

Kekuna huɗu na tarar. Biyu daga cikin telolin, Isiya da Ɗanjuma, sun kwashe nasu tun ranar Asabar, ba su jira ni ba. Na ajiye jakunkunan a bakin ƙofa. Baba Habu yana zaune a kan benci, ya amsa gaisuwata, ya tambayi hanya, bai tambayi komai ba bayan haka.

Na zazzage jakunkunan a kan teburin yanka. Ya tashi a hankali ya sa tabarau. Ya ɗauki rigar Anti Ladi, ya juya cikinta ya duba ɗinkin, ya karanta takardar, ya sa tef. Ya ɗauki ta biyu, ya ɗauki ta uku. Na yi masa bayanin rigar da ake iya haƙura da ita, da yadda bakwai cikin tara ba su shiga ba. Ya ajiye tef ɗin.

"Shekara arba'in ina ba mutane haƙuri a kan wannan," ya ce. "Na ɗauka idona ne."

Sai ya miƙo hannu ya ce in nuna masa inda ake dannawa a ji muryar. Tun da na gina manhajar nan bai taɓa taɓa ta ba sai ranar. Muryar Anti Ladi ta cika shagon, tana gaida tela da kyau, tana cewa kada a matse mata wuya don tana waƙa a coci. Ya saurara har ƙarshe, ya sake dannawa da kansa. Sannan ya juya wajen sauran ukun ya ce ɗaya ya hau babur ya je kasuwa ya ce wa Isiya da Ɗanjuma yana kiransu, don mutum huɗu ba za su gama wannan kafin Sallah ba.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Anti Ladi da ta faɗa mini abin da kowa ya ji nauyin faɗa mini, da Fatsuma, da mutanen Lanham da Manassas da suka damƙa mini tufafinsu ba su san ni ba. Har matar nan mai tabarau na gode mata, ko da yake ban manta ba. Sai bayan la'asar na isa gida, Mama tana ta faɗa wai na fi son teloli da ita, ni kuwa ko wanka ban yi ba barci ya kwashe ni a kan kujera.